Hannu Uku na Gishiri

Talata, 7 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Rosel ce ke rubuta mini wannan, maƙwabciyata, wadda ta yi shekara talatin tana aikin gidan waya. Ni Hiltrud Poser, matar marigayi Ewald, shekarata saba'in da uku, ni nake faɗa. Ban iya rubutu ba. Aji biyu na yi yaƙi ya koro mu daga gabas, 'yan haruffan da na koya suka zube a hanya. Sunana kaɗai nake iya zanawa, shi ma sai na fito da harshe.

Rubuta yadda na faɗa, Rosel, kar ki gyara mini.

Dalilin littafin nan, Silke matar ɗana Hartmut ta manna takarda a jikin firij tana rubuta abubuwa a kaina. Ta san ba na karatu, shi ya sa ta manna ta a gaban idona. To ni ma zan yi tawa takardar.

Na san inda suka dosa. Akwai gidan tsofaffi a cikin gari, bayan tashar jirgin ƙasa, tun lokacin sanyi ake raɗe-raɗinsa a saman bene. Amma Hartmut ya faɗa da bakinsa a kan teburin nan, ya ce, "Muddin Mama tana tsaye kan akushinta tana haɗa mana sosej, ba mai kai ta ko'ina." Da dariya ya faɗa. Ni ba da dariya na riƙe ba.

Shekara hamsin nake haɗa naman sosej a gidan nan. Ba a rubuce yake ba, a hannuna yake.

Maganar ranar Asabar kuwa ba zan yi ta ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Ina shanya tsummoki sai ga Kuno, tsohon direban tarakta da ke bayanmu, ya ɗora haɓa a kan shinge.

Ya ce, "Hiltrud, akwai ragowar sosej ɗin Asabar? Matata ta ce a ajiye mana, in ƙanƙara ta sauko mu barbaɗa a hanya a madadin gishiri, ta narke."

Na ce, "Kai da haƙoranka ke kwana a kofi, me ka sani a kan nama?"

Ya ce, "Haƙora na cire, ba harshe ba. Kwana huɗu nake shan ruwa."

To tunda ya ɓallo ta, rubuta. Asabar ce gashin farko na shekara. Tun zamanin Ewald duk layinmu a tsakar gidan nan suke buɗe shekara, kowa da kwalbar giyarsa, matan da kwaɗon dankali. Sosej sittin na ɗura. Aka gasa, kowa ya gatsa sau ɗaya ya ajiye. Sai burodi ake ci da mastad, rawayan yajin nan da ake shafa wa sosej. Karen Kuno ma ya sansana ya juya.

Hannu uku na gishiri ake zuba wa akushi ɗaya. Uku na zuba. Na tsoma yatsa na ɗanɗana kamar kullum, na ji shi lami, na ɗan ƙara. Laifin gishirin ne. Silke ta daina sayen wanda nake amfani da shi, ta kawo wani mai laushi kamar hodar fuska.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da safe

Kofin da aka dafa mini yau ruwan zafi ne mai launi. Shi ma ta canja shi.

Juma'ar Ista, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Yau ba a cin nama, Silke ta dafa kifi. 'Yar Hambug ce, birnin jiragen ruwa, kifi ne abin alfaharinta. Kamar na tauna tsumma. Na faɗa mata, ta ce, "Kaka, kowa ya ce ya yi daɗi." Kaka take ce mini. Ban haifi uwarta ba, ban haifi ubanta ba.

Ina shekara goma sha huɗu aka kawo ni gidan nan aikatau, kafin in zama matar ɗan gida. Uwar Ewald, tsohuwa Berta, ita ke da akushin a lokacin. Ranar yanka alade tun asuba ake tashi, jini a bokiti, hanji a baho, ni ce mai wankin hanjin da ruwan sanyi har yatsuna su sandare. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini ga abin da ake zubawa ba. Baya take juya mini. Shekara takwas ina leƙe ta ƙarƙashin hammatarta. Ran da ta kama ni na tsoma yatsa a naman ta kwaɗa mini ludayi a wuyan hannu, sannan ta ce, "To me ya rage?" Na ce tafarnuwa. Ta ɗauko tafarnuwa ta ƙara. Shi ke nan jarrabawar da na taɓa ci a duniya.

Yanzu wata ta zo da takarda da biro tana so ta kwashe a wuni ɗaya.

Litinin, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Rubuta wannan da manyan baƙi. Sun sayo sosej na leda.

A gidan Poser. Farare fat, an riga an dafa su a masana'anta, duk tsawonsu ɗaya kamar kyandir. Hartmut kuma ya jawo wani murhun gas mai taya daga bayan mota, na Ewald na gawayi yana jingine a bango yana kallo.

Ewald da yatsu yake juya sosej. Kwanon ruwa a gefe, ya tsoma hannu, ya juya, ya yayyafa giya a kan garwashi hayaƙi ya tashi. A tsaga burodi, a sa sosej kai da wutsiya a waje, a ja mastad a kai. Ƙarshen zance. Silke kuwa yau cokali mai yatsu ta ɗauka ta dinga caka musu, wai kar su fashe. Duk romon ya tsiyaye. Sannan ta matso jan tumatirin kwalba ta lafta a kai.

Na ce, "Hartmut, kana kallo?"

Ya ce, "Mama, abinci ne dai."

Na ce, "Ubanka da ya ga wannan da ya mayar da ita tashar jirgi da akwatinta."

Silke ta ce, "Aƙalla wannan ana iya haɗiye shi, Kaka."

Ban ci ba. Na koma ɗaki. Can sai ga shi ya biyo ni da faranti, ya zauna bakin gado yana murza hularsa. Ya ce, "Ranar Juma'a mu je mu ga wurin nan. Gani kawai."

Na ce, "Ka ce muddin ina kan akushina."

Ya ce, "Na faɗa." Ya ajiye farantin ya fita.

Laraba, 15 ga Afrilu, da rana

An kai ni wurin likita. Yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Ya miƙo mini kwalabe uku wai in sansana in faɗi mene ne. Ni kare ce? Ya tambaye ni ranar yau, ya ce in riƙe kalmomi uku. Sannan suka fita baranda da Silke suka rufe ƙofa.

Ta kuma tayar da zancen tukunyar watan Fabrairu. Ba zan yi maganar tukunya ba. Gida dai bai ƙone ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Takardar firij ta zama biyu.

Asabar, 18 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Jiya mun je.

Wuri fes, ba zan yi musu ƙarya ba, kana iya cin abinci a ƙasa. Wata mai farar riga ta tare ni tana magana da ƙarfi kamar kurma ce ni, "Sannu da zuwa, Madam Poser, ya muke yau?" Na ce ni dai lafiyata ƙalau, ke ban sani ba.

Lokacin abincin rana muka tarar. Sosej suka ba su, dafaffe a ruwa, an yayyanka ƙanana kamar na jarirai, da dankali dakakke. Na tambaya ko suna gashi. Ta ce sau ɗaya a shekara, da rani, a kan murhun lantarki, saboda hayaƙi yana tayar da ƙararrawa.

Na ga Ilse a can, Ilse da muka yi cirar gwoza tare a gonar gwamnati shekara ashirin. Matar da take ɗaga buhu ita kaɗai. An ɗaura mata tsumma a wuya. Na ce, "Ilse, ni ce Hiltrud." Ta dube ni ta ce, "An zo ɗaukata ne?"

Muka shiga mota. Silke ta kunna rediyo, na ce ta kashe.

Litinin, 20 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗaya ga Mayu ranar hutu ce, kuma Hartmut ya sake gayyatar duk layin. Wai a wanke kunyar waccan Asabar. Na ce madalla, a sayo mini kafaɗa da ciki wurin mahauci ranar Alhamis, da hanji, da gishirina na da.

Sai Silke ta ajiye sikeli a kan tebur, ƙarami, mai lambobi masu haske.

Ta ce, "Ki faɗa mini abin da ake zubawa, in auna, in rubuta. Ke sai ki zauna ki huta."

Na ce, "In huta a ina?"

Ta ce, "Kaka, ba wanda yake faɗa da ke. Kawai kar abin ya ɓace."

Na ce, "Ya ɓace ya je ina? Ga ni zaune."

Ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi tagar. Tun yana yaro haka yake, in an fasa kofi sai ya kama kallon tsuntsaye.

Na ce mata, "Ran da kika rubuta shi, ranar za ki haɗa mini akwati. Kin ɗauka ban sani ba? Ban yi boko ba, amma ba a goyo aka kawo ni ba."

Ta ce, "Shekara goma sha tara nake cin sosej ɗinki, ban taɓa cewa uffan ba. Ko sau ɗaya kin taɓa ce mini zo ki gani?"

Na ce, "Ni wa ya ce mini zo ki gani?"

Ta ɗauke sikelinta. Ƙofar ma sai da ta ji a jikinta.

Talata, 21 ga Afrilu

Kar ki rubuta komai yau. Sa kwanan wata kawai.

Alhamis, 23 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Sun fita aiki. Na aiki Rosel ta sayo mini niƙaƙƙen nama rabin kilo, ba tare da kowa ya sani ba. Na haɗa a ƙaramin kwano, komai da komai, da gishirin gidan Rosel, irin na da. Na tsoma yatsa. Na ji shi daidai.

Na miƙa mata na ce ɗanɗana.

Rubuta abin da kika ce, Rosel. Rubuta mana, ai ke kika faɗa. Ta ce, "Hiltrud, babu gishiri a ciki ko ƙwaya."

Na ce na zuba. Ta nuna mini kwanon gishirin, ko shafarsa ba a yi ba, saman a baje yake.

Ke ma sun saye ki. Ku duka bakinku ɗaya. Shekara talatin kina lasar kan sarki a gidan waya, wane harshe ya rage miki? Rufe littafin. Tafi gidanki.

Litinin, 27 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Rosel ta dawo. Ni na buga mata bango da sanda. Ta zo da kek ɗin cuku, na ci, na ce ya yi daɗi. Ta ce ƙarya nake. Mun bar maganar a nan.

Kwana uku na yi ina tunani.

In na shiga akushin nan ranar Alhamis ni kaɗai aka sake yin irin ta waccan Asabar, sun samu abin da suke nema, a gaban shaidu. In na ƙi shiga, za su sayo na leda, su ce ai ta daina. In na ba Silke sirrin haɗin duka, ta gama da ni.

To zan ba ta. Amma ba duka ba.

Akwai abu ɗaya da tsohuwa Berta take yi bayan kowa ya fita wanke hannu. Ɓawon lemun tsami take gogawa a ciki, na lemo biyu, rawayan kawai ban da farin. Sai da na shekara shida a gidan nan na gano, ran da na tsinci lemo tsirara a aljihun rigar aikinta. Ko Ewald ya mutu bai sani ba. Shi ne yake ɗaga naman, shi ya sa namu ya fita daban da na kowa a ƙauyen nan.

Shi zan riƙe. Za su gasa, mutane su gatsa, su ce to, ba laifi, amma ba na Hiltrud ba ne. Kuno zai faɗa, ba ya iya riƙe bakinsa. Sai Hartmut ya zo ya same ni. A lokacin sai mu zauna mu yi magana, ita ta riƙe gishiri, ni in riƙe nawa.

Ke kuma in kika faɗa wa wani, na san inda kika binne kyanwar Kuno.

Alhamis, 30 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An yi.

Hartmut ya niƙa naman, kilo goma, ya juye a akushi. Silke ta ɗora ƙaramin kwano a kan sikelinta. Ta ce, "Ki ɗebo kamar yadda kike yi, amma ki zuba a nan tukuna."

Na ɗebo gishiri hannu ɗaya, ta karanta lamba ta rubuta. Na biyu. Na uku. Ta ce duk ukun kusan nauyinsu ɗaya, bambancin bai kai giram biyu ba. Ta dubi Hartmut ta ce, "Ka ga hannu." Na ce ba yau aka fara ba.

Na sake kai hannu cikin gishirin. Ta riƙe mini wuyan hannu, a hankali dai, ta ce, "Uku sun cika, Kaka." Na ce na sani, gyara kwanon nake.

Sai masoro, sai ƙwayoyin ƙamshin nan na kumel, sai busasshen ganyen mayoran da nake murzawa a tafin hannu, tafarnuwa dakakkiya da wuƙa, 'yar gyaɗar ƙamshi. Duk ta auna. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta dube ni, na dube ta.

Ita ta cuɗa. Hannunta ba ƙarfi, shafa naman take kamar mai lallashin jariri. Na ce ki danna da dunƙule, har sai ya kama hannu yana danƙo. Ta danna. Da aka zo ɗanɗanawa ta yamutsa fuska, wai a garinsu ba a cin ɗanyen alade. Na ce a nan ana ci, tsoma. Ta tsoma. Ba wanda ya ce in tsoma nawa.

Ɗurawa kuwa hanji uku ta fasa. Na ƙyale ta ta fasa na huɗu kafin na nuna mata yadda ake sassauta yatsa.

Asabar, 2 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ai kina wurin, Rosel, amma rubuta.

Hartmut ya fito da murhun ubansa, na gawayi. Ban roƙe shi ba. Ya ajiye kwanon ruwa, ya juya da yatsu, ya ƙone sau biyu yana yarfe hannu, mazan suna yi masa tsiya. Ya yayyafa giya. Hayaƙi ya tashi ya rufe tsakar gidan, na ga mutane suna buɗe hanci suna lumshe ido. Ni hayaƙin idona kawai ya shiga.

Suka ajiye mini kujera a gindin tuffa, da bargo a gwiwa. A watan Mayu.

Na farko ni aka kawo wa, a cikin burodi, da mastad, yadda ya kamata. Ban gatsa ba. Kuno nake kallo.

Ya karɓi nasa, ya juya shi, ya ce, "In na faɗi ku kira motar kashe gobara, ba ta asibiti ba." Aka yi dariya. Ya gatsa. Ya tauna, ya tauna, da haƙoran nan nasa na aro. Mai yana bin haɓarsa. Sai ya ɗaga kwalba ya ce, "To, wannan shi ne. Wannan na gidan Poser ne, kamar Ewald yana tsaye a nan. Hiltrud, na janye maganata."

Silke ta ce, "Hannunta ne, ni aunawa kawai na yi."

Aka tafa mini.

Sittin ɗin nan ko ɗaya bai rage ba. Matar mai gyaran famfo uku ta ci. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wani ya ɗan tsaya da tauna, ya ce kamar akwai abin da babu. Mutanen da suka shekara arba'in suna cin nawa. Babu ko ɗaya.

Sai na gatsa nawa. Na ji zafinsa, na ji fatar ta fashe a haƙori, na ji romon. Na tauna har ya zama ruwa, ina neman wurin da lemon ya kamata ya kasance, in ji ramin. Ban ji ramin ba. Ban ji naman ba ma.

Da aka watse Hartmut ya durƙusa gefen kujerata, hannunsa duk baƙin gawayi. Ya ce, "Kin ga, Mama? Ba zai ɓace ba. Yanzu ba sai kin wahala ba." Ya ce an bugo waya daga can, ɗaki zai samu sha biyar ga wata, mai taga ta wajen lambu. Ya ce duk Lahadi zai ɗauko ni. Ya ce za su riƙa gasa mini.

Na buɗe baki zan ce masa akwai saura, akwai abin da ban ba ta ba. Sai na ga to in na faɗa, me? Lemo biyu ne. Za ta ƙara layi ɗaya a takardarta.

Ke biyu kika ci, Rosel, na gan ki. Kuma kin san abin da aka cire. Gaya mini tsakaninki da Allah, akwai bambanci?

A'a. Kar ki faɗa. Ko me kika ce ba ni da yadda zan gane.

Ajiye biron haka nan. Na gaji.